Yadda nake auna kamfanin sadarwa kafin in zuba masa jarina

Akwai wani kwali a ƙuryar sitona, ƙarƙashin buhunan caja, wanda uwargida ta sha cewa in ba 'yan gwangwan ya huta. Wayoyi talatin da ɗaya ne a ciki, sababbi fil, ko ledarsu ba a ɓare ba. Irin wayar nan ce ta girke mai 'yar eriya a gefe, wadda ake ɗorawa kan tebur a kanti ko a falo. Kamfanin da ke ba su sabis ya mutu ya bar ni da su. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin alamomi sun fito ƙuru-ƙuru fiye da shekara guda kafin nan, ni ne ban iya karanta su ba.

Makon jiya wani yaro da ya tashi a shagona, wanda yanzu yake da nasa teburin a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya same ni bayan la'asar. Ya ce, "Maigida, wani kamfanin intanet ne yake neman dila, kuma su ne suka fara kawo irin wannan sabis a yankinmu, babu kowa sai su." Na ce masa zauna. Na sa aka jawo kwalin nan aka buɗe a gabansa. Abin da na faɗa masa shi ne zan rubuta a nan, ko zai amfani wanda zai ɗauki dillanci, ko zai sayi hannun jari, ko kuma shi kansa ne ya riga kowa fara wata harka yana ganin ya gama da kasuwa.

Ka fara da cire maganar "su suka fara" daga lissafi

Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. A harkar waya ban ga haka ba. Kafin 2001 layukan NITEL, kamfanin wayar gwamnati, a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane sama da miliyan ɗari. Mai kuɗi sosai ne ke riƙe wayar hannu ta 090. A cikin wannan ƙishirwa ne wasu kamfanoni masu zaman kansu suka taso a ƙarshen shekarun 1990: Multi-Links, Intercellular, Starcomms, Reltel. Suka kawo waya marar igiya, ka biya yau a haɗa maka a makon nan, babu bin ma'aikaci da roƙo ya hau falwaya. Mu da muka ga wannan zamani a Kano mun ɗauka an zo ƙarshen duniya. Lambarka ta fara da 064 kamar ta gwamnati, amma tana aiki.

Sai ga gwanjon lasisin GSM a watan Janairun 2001, wanda NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, ta yi a ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Ernest Ndukwe. Kowane lasisi dala miliyan 285. Wanda ya iya ajiye wannan kuɗi kafin ya kafa turke ko ɗaya, ka san aljihunsa ba irin na waɗancan ba ne. Kuma ba kuɗin kaɗai ba: lasisin ya ba waɗanda suka saya, irin su MTN da Econet, ƙasar baki ɗaya, da alƙawarin shekara biyar ba za a ba wani irin wannan dama ba. Su kuwa na farkon, lasisinsu na gari-gari ne. Wayarka ta Kano, in ka kama hanyar Zariya, ta zama abin wasan yara.

To abu na farko da za ka nema ke nan: takardar izinin kamfanin. Ina ta fara, ina ta tsaya? Me ta hana shi? Sunayen masu lasisi da ire-irensu suna nan a wurin NCC, ba sirri ba ne. In wakilin kamfani ya fara kame-kame a kan wannan tambaya, ka riga ka sami amsa. Sai a 2006 aka buɗe wa waɗancan kamfanoni hanya da lasisin bai-ɗaya, suka sami damar yawo a duk ƙasa. Amma a lokacin manyan sun riga sun kafa turaku daga Legas har Maiduguri, kowa ya haddace lambarsa, an rubuta ta a jikin shago da bayan mota.

Duba abin da ke hannun kwastoma

Nan ne na fi so ka tsaya, domin nan kwalina ya fito.

Kamfanonin farkon nan fasahar CDMA suka bi. Maganar gaskiya, fasaha ce mai kyau. Murya tana fita tas, kira ya fi araha, kuma da aka zo zamanin modem na intanet, shekara da shekaru babu wanda ya kama ƙafarsu a gudu. Masu shagon intanet da ɗalibai sun san wannan. Amma da farko lambarka a cikin wayar take, ba a kati ba. Ka saya daga kamfani, irin wadda kamfani ya ga dama ya kawo, kala biyu ko uku. Ta faɗa ruwa, sai ka tafi ofis ka bi layi. Daga baya sun kawo kati, amma wayoyin da ke karɓarsa ba su da yawa a kasuwa.

GSM kuwa ɗan kati ne kamar farce. Ka zare shi daga Nokia 3310 ka sa a Sagem, ka sa a Motorola, ka ari wayar maƙwabci in taka ba caji. Wannan ɗan katin shi ya haifi kasuwar waya gaba ɗayanta: mai sayar da sabuwa, mai kwance, mai gyara, mai kes, mai batir, mai musaya da ciko. Duk yaron da ka gani a titin Beirut da waya biyar a hannu yana tare mutane, tallan GSM yake yi kyauta, ba tare da kamfani ya ba shi ko sisi ba. Da wayoyin Caina masu layi biyu suka shigo, irin su Tecno, mutum ya riƙe MTN da Glo a waya ɗaya, babu gurbin ɗan CDMA a ciki. Da BlackBerry ta yi tashe, sannan Android, matasa suka bi waya, layi ya biyo baya.

Ga gwajin da nake yi yanzu, ba ya cin ko kwabo. Ka shiga kasuwa ka bi layi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ka ƙirga shago nawa ne ke sayar da na'urar da ke aiki da wannan kamfani. Sannan ka je wurin masu gyara ka ce ta lalace, ka ga ko za su karɓa. In suka ce "sai dai ka kai musu ofis", to kamfanin shi kaɗai yake ɗauke da kayansa a ka. Wanda dubban 'yan kasuwa ke ci a jikinsa, ko ya yi tuntuɓe akwai masu tare shi.

Sannan ka tambaya, ina duniya ta dosa? Mu muna Kano muna sarin wayoyin CDMA, ashe tun 2008 kamfanin Qualcomm na Amurka, wanda shi ne uban fasahar, ya ajiye shirin da yake yi na magajiyarta ya koma bayan LTE, wato 4G, hanyar da 'yan GSM suka bi. Mai abu ya sauya hanya, mu muna ta ƙara sari. Da na san wannan labari ɗaya tak a lokacin, da kwalin nan bai wanzu ba. A Gana ma haka aka yi. Mobitel ne ya fara kawo salula a 1992 da tsohuwar fasaha, har sunansa ya zama sunan wayar hannu a bakin mutane. Spacefon ya zo da GSM a 1996, ya koma Areeba, ya koma MTN a bayan cinikin 2006, shi ke jan ragamar kasuwar har yau. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Nima za su ba ka labari.

Leƙa cikin gidan, ka ga ko ana zaman lafiya

Ba kullum fasaha ke kayar da na gaba ba. Econet na Strive Masiyiwa, ɗan Zimbabuwe, GSM ne shi ma, kuma ya riga MTN buɗe kasuwa da 'yan kwanaki a watan Agustan 2001. Lambar 0802 ta riga 0803. Amma masu hannun jarinsa, ciki har da gwamnatocin jihohin Legas da Delta da Akwa Ibom, suka shiga rigima da juna da kuma shi Masiyiwa. A 2004 Vodacom ta Afirka ta Kudu ta shigo ta fita cikin 'yan makonni, aka koma Vmobile. A 2006 Celtel, a 2008 Zain, a 2010 Airtel. Shari'ar kuwa ta yi shekaru tana yawo a kotuna.

Ni da idona na ga mai fenti ya sake wa rumfar kati launi sau huɗu, lamba ɗaya, suna daban-daban. Kowane sabon mai gida sai ya zo da nasa tsarin, a sake allo, a sake lema, a sake katin, a sake wa dila sharuɗɗa. Duk wannan lokaci MTN sunansa ɗaya, launinsa ɗaya, yana ta kafa turke. Airtel bai mutu ba, yau ma babba ne, sai dai gaban da aka ba shi a 2001 bai sake riƙe shi ba.

Don haka ka binciki masu kamfanin. Su wane ne? Sau nawa aka sauya shugaba a shekara uku? Akwai ƙara a kotu tsakaninsu? Jaridu na kawo irin wannan, kuma ma'aikatansu na ƙasa sun fi jarida sani. Ka saya wa mai kawo maka kaya lemo, ka tambaye shi ko an biya albashin watan jiya.

Na NITEL da reshensa M-Tel ba sai na daɗe ba. Shi ya riga kowa da shekaru masu yawa, an ware masa lasisin GSM da lambar 0804, yana da gine-gine da igiyoyi a kowace jiha. Aka ba Pentascope riƙo a 2003, aka sayar wa Transcorp a 2006, aka karɓe a 2009, daga ƙarshe aka sayar da ragowar ga NATCOM a 2015 kan dala miliyan 252, ƙasa da kuɗin lasisi ɗaya na 2001.

Saurari abin da yake cewa ba zai yiwu ba

Layina na farko kusan naira dubu ashirin na saye shi, ban da waya. Kira naira hamsin ne minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi kira ya yanke, hamsin ɗinka ta tafi. Shi ya sa aka ƙware a filashin, shi ya sa kuma muka ci abinci a ƙarƙashin lema, mutum ya zo ya yi kira muna kallon agogo. Jama'a na kukan a riƙa lissafi da daƙiƙa, kamfanonin da ke ƙasa suna cewa ba yanzu ba, sai nan da wasu shekaru.

Mike Adenuga ya shiga gwanjon 2001 ya ci, lasisin ya suɓuce masa a kan maganar biyan kuɗi. Ya dawo a 2002 da wani lasisin, ya buɗe Glo a Agustan 2003, kuma daga ranar farko da lissafin daƙiƙa ya fito. Ba a yi wata nawa ba abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu a wurin kowa. Kuɗin layi ya yi ta gangarowa har ya zama kusan kyauta.

Wanda yake shi kaɗai a kasuwa, tsada tana yi masa daɗi har ya ɗauka haƙƙinsa ce. To ka zauna da kwastomomi biyar na kamfanin da kake aunawa, ka ce su faɗa maka abin da ya fi ba su haushi. Kuɗin haɗawa ne? Data mai ƙarewa kafin wata? Rashin mai ɗaga waya in an kira ofis? Abin da suka lissafa, shi ne takardar tallan wanda zai zo gobe. Sai ka tambayi kanka: in gobe wani ya raba farashin nan biyu, wannan kamfani zai iya bin sa ya rayu wata nawa? Manya sun iya bin Glo domin suna da kitsen da za su ƙona. Ƙananan da araha ce kaɗai takobinsu, da farashin GSM ya sauko kusa da nasu, sai suka rasa abin faɗa.

Ka lura da inda jama'a suka taru

Waya ba shinkafa ba ce da za ka ci kai kaɗai. Amfaninta yana ga wanda za ka kira. In mahaifiyarka da maigidanka da budurwarka duk layi ɗaya suke, kuma kira tsakanin 'yan gida ɗaya ya fi araha, ba wanda zai ce maka ka bi su. Waɗanda suka yi samartaka a tsakiyar shekarun 2000 sun tuna kiran dare na kyauta, daga bayan sha biyu har kusan asuba, da yadda samari ke zuwa makaranta ido ja. Wannan kyauta ba sadaka ba ce, tarko ce mai kyau, domin sai ku biyun kuna layi ɗaya.

Akwai kuma abin da kwastoma ba ya gani. Duk kiran da ya tashi daga wani layi ya sauka a wani, kamfanin mai kira yana biyan na mai amsawa. Ƙaramin kamfani, yawancin kiran mutanensa waje suke fita, don haka kullum shi ke bin babba da biya. In bashi ya taru, sai ka ji kira zuwa wani layin ya fara wuya, sai an yi ta gwadawa. Ranar da kwastomomi suka fara ce maka "ba ya shiga sauran layuka", kada ka ɗauka iska ce ko hadari. Sai a 2013 NCC ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye a kasuwar kira, ta umarce shi ya daidaita farashin ciki da na waje, a shekarar ne kuma aka fara barin mutum ya ƙaura da lambarsa zuwa wani kamfani. Matakai ne masu kyau, amma 'yan CDMA sun riga sun galabaita.

Auna zurfin aljihu, da irin kuɗin da ake binsa

Turken sabis a ƙasar nan janareto yake sha dare da rana, ga mai gadi, ga ɓarayin batir, ga harajin jiha da na ƙaramar hukuma. Na'urori da dala ake sayo su, kati kuwa da naira ake sayar da shi. Wannan giɓi ya cinye mutane da yawa, har da waɗanda ba ƙanana ba. Telkom ta Afirka ta Kudu ta sayi kashi 75 na Multi-Links a 2007 kan dala miliyan 280, ta ƙara miliyan 130 ta karɓi sauran a 2009, sannan a 2011 ta rabu da shi kan dala miliyan 10. Ka sake karanta lambobin nan. Starcomms ya shiga kasuwar hannun jari ta Legas a 2008 ana tafi, mutane suka saya da murna, bai yi shekara shida ba ya zama labari.

Kada kuma ka ce duk wanda ya zo daga baya da kuɗin Larabawa ko na Turawa shi ne mai nasara. Etisalat ya shigo a 2008 da lambar 0809 da talla mai ɗaukar ido, ya ci bashin dala biliyan 1.2 daga bankunan gida a 2013, naira ta faɗi a 2016, a 2017 masu shi suka tattara suka tafi aka koma 9mobile. Zuwa daga baya yana amfani ne in ka zo da abin da na gaba ya kasa, kuma kana da numfashin jira.

Tambayar da zan yi wa kowane wakili ita ce: bashinku na dala ne ko na naira, kuma wa ke tsaye a bayanku? Ba lallai ya faɗa ba. Yadda fuskarsa ta yi ma amsa ce.

In kai ne ka riga kowa

Wataƙila mai karatu shi ne ya fara ja wa unguwarsu intanet, ko ya fara wata harka ta waya a garinsu. Shekarun da kake kai kaɗai, aro aka ba ka. Ka yi amfani da su ka mallaki abin da babba ba zai iya ƙerawa da kuɗi cikin dare ɗaya ba: wurin kafa eriya a kan dogon gini, izinin bi da igiya, amanar masu unguwa. Da MTN ya sayi Visafone na Jim Ovia, cinikin da aka kammala a farkon 2016, ba wayoyinsa ko shagunansa ya bi ba, zangon iskar sadarwa na 800MHz da yake riƙe da lasisinsa ya nema domin intanet mai sauri. Shi ke nan na ƙarshen manyan 'yan CDMA ya tafi, amma ya tafi da kuɗi a hannu. Mo Ibrahim ɗan Sudan ya kafa Celtel tun 1998, ya kai shi ƙasashe da dama har da Nijar da Chadi, ya sayar wa MTC ta Kuwait a 2005 kan dala biliyan 3.4, lokacin da kowa ke zawarcinsa. Wasu za su ce ya yi gaggawa, tunda bayan shekara biyar an sayar wa Bharti, masu Airtel, harkar kan dala biliyan 10.7, bayan an haɗa da Nijeriya an faɗaɗa. Ni dai da na ga yadda Multi-Links ya ƙare, ban ga laifinsa ba.

Shi kuwa yaron nawa, ga abin da muka tsayar. Ba zai biya kuɗin kaya gaba ɗaya ba, sai dai a ajiye masa ya sayar ya kawo, ko kuma ya ɗauki abin da zai ƙare cikin mako biyu. Zai sa a rubuta a takarda cewa abin da bai sayu ba za a karɓa a mayar masa da kuɗinsa, a sa hannu, ba alƙawarin baki ba. Ba zai yarda da sharaɗin hana shi sayar da kayan wani kamfani ba, ko da sun yi masa fenti da allo kyauta. Jarin da zai sa ba zai wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake juyawa ba. Kuma ranar da kamashonsa ya yi jinkiri wata biyu a jere, ko aka rufe ofishinsu na kusa aka ce a riƙa zuwa babban ofis, ko suka fara rabar da na'ura a rabin kuɗin da suka sayar masa, to a ranar zai karya farashi ya fitar da abin da ya rage, ko da faɗuwa.

Ya ce, "Maigida, in kuma suka yi ƙarfi fa, na yi asarar zama babban dilansu?" Na ce in sun yi ƙarfi za su ƙara neman dila, kuma mai tarihin biya a kan lokaci za su fara kira. Ya ɗauki waya ɗaya daga cikin kwalin ya jujjuya, ya tambaya ko zan ba shi ya ajiye a teburinsa. Na ba shi. Saura talatin.